Akawun lauya zai iya cire albashinsa daga kuɗin da aka damƙa masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni akawu ne a ofishin wani lauya. Shekarata 6 ina buga takardu, ina kai su kotu, ina karɓo ranar zama, sau da yawa kuma sai bayan isha'i nake tashi ba tare da wani ƙari ba. Wata 4 ke nan bai biya ni albashi ba, alhali aiki yana shigowa. Masu kawo wa lauyan ƙararsu sukan ba ni kuɗin shigar da ƙara in biya a kotu. Wani abokina ya ce ya halatta in cire haƙƙina daga ciki, ya kafa hujja da hadisin Hindu matar Abu Sufyan. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa. Riƙe ladan ma'aikaci alhali ana da abin biya zalunci ne, babu saɓani a kan haka, kuma albashin watannin nan bashi ne a wuyan maigidanka har ya biya ko ka yafe.

Sai dai hukuncin yana cikin kalmar da ka faɗa da bakinka: masu ƙara ne suke ba ka kuɗin. Wannan kuɗi ba na lauya ba ne balle a ce ka ci karo da dukiyar wanda ya zalunce ka. Na mutumin da ya zo neman haƙƙinsa ne, ya ƙirga ya sa a hannunka domin ka kai kotu ka dawo masa da rasit. Bai ci maka komai ba, saboda haka taɓa kuɗinsa haramun ne, cin amana ne.

Abin da abokinka ya jiyo ita ce mas'alar da malamai suke kira zafar, wato mai haƙƙi ya samu dukiyar wanda ya hana shi ya ɗauki daidai nasa. Imam Shafi'i ya halatta, Hanafiyya sun halatta idan dukiyar jinsin haƙƙin ce, sanannen ra'ayin Imam Ahmad hani ne, an kuma ruwaito maganganu mabambanta daga Imam Malik. Amma duk wanda ya halatta a cikinsu, a dukiyar azzalumin ya halatta. Hindu daga dukiyar mijinta Abu Sufyan ne Annabi (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, kuma dalilin haƙƙinta, wato aure, a bayyane yake ga kowa, ba mai ganinta da abin ya kira ta ɓarauniya. Wannan bambanci ne Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka dogara da shi, suka hana ɗauka idan dalilin a ɓoye yake, kuma shi na fi natsuwa da shi. Ko da kuɗin na lauyan ne, tunda da amana ya shigo hannunka, hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya hana ha'intar wanda ya ha'ince ka yana gabanka. Ka kuma duba abin da zai biyo baya: ƙara tana da wa'adi, idan ba a biya ba wa'adin ya wuce, mai ita zai iya rasa haƙƙinsa gaba ɗaya, kai kuma dole ka rufe ɓarnar da ƙarya ko rasit na bogi. Ranar da asiri ya tonu ba wanda zai tuna da albashinka na wata 4, sunanka kawai za a kira.

Game da daren da kake kaiwa, idan kun yanke lokacin tashi tun farko, abin da ya wuce shi ba ya zama wajibi a kanka sai da yardarka, kuma kana da damar neman lada a kansa. Idan ba ku yanke ba, ana komawa ga abin da aka saba a irin wannan aiki. Lokacin sallar farilla kuwa ba ya shiga cikin abin da ka sayar masa.

Ba ka tambaya ba, amma na san mai wata 4 babu albashi hannunsa yana saurin miƙuwa. Idan mai ƙara ya ba ka wani abu don ka gabatar da fayil ɗinsa a kan na wasu, ko ka leƙa masa takardun wani, kada ka karɓa. Idan alheri ne kawai, ka sanar da maigidanka, in ya yarda babu laifi. Sirrin mutanen da kake buga takardunsu ma kada fushi ya sa ka fitar da shi, domin ba da su kake rigima ba.

Ka rubuta watannin da kake bi, ka same shi shi kaɗai cikin ladabi, ka nemi ya sa hannu tare da ranar biya. Shi lauya ne, ya fi kowa sanin nauyin rubutu. Idan ya ƙi, ka shigar da wani da yake jin nauyinsa, sannan hukumar da ke sauraron koken ma'aikata, kuma faɗin zaluncinsa a nan ba giba ba ne. Idan jinkirin ya zame masa ɗabi'a, ka fara neman wani wuri tun yanzu, barin aikin ba ya sauke bashin daga kansa.

Allah ne mafi sani.