Batsa, luwaɗi, daudu: kowace kalma da gurbinta

Wani mai aikin fassarar labarai a nan Yamai ya aiko da tambaya. Ya ci karo da rahoton Faransanci a kan masana'antar finafinan tsiraici na maza masu neman maza, ya fassara da "fim ɗin ƴan daudu", sai wani dattijo ya ce masa ya yi kuskure. Yana son sanin ina kuskuren yake.

Ɗan'uwa, dattijon nan ya yi maka gyara na gaskiya, don ka haɗa abu biyu da Hausa ta raba.

Luwaɗi kalma ce da muka aro daga Larabci, tushenta sunan Annabi Luɗu, alaihissalam, saboda abin da aka ba da labarin mutanensa suna yi. Aiki take nufi, wato saduwar namiji da namiji. Ta mata kuwa maɗigo ake ce mata. Daudu wani abu ne daban: ɗabi'a ce da sana'a. Ɗan daudu namiji ne mai ɗaukar salon mata a magana da tafiya da ɗaura zane, kuma an san su da dafa abinci da soye-soye a tasha da kasuwa da wuraren biki. Masana da dama suna danganta sunan da Ɗan Galadima, iskan bori mai son ado da kashe kuɗi. Akwai ɗan daudu mai mata da ƴaƴa, akwai kuma mai neman maza da ba za ka ga alamar daudu ko ɗaya a jikinsa ba. In ka ce "fim ɗin ƴan daudu", mai sauraro a Tawa ko Maraɗi zai zaci wasan barkwanci ne irin na Kano, inda ɗan wasa ke ɗaura zane yana karairaya don a yi dariya.

Sai batsa. Asalinta a baki take: zancen batsa, waƙar batsa, wato ambaton al'aura da saduwa ƙuru-ƙuru ba sakaye. Ba ɗaya take da ashar ba, don ashar zagi ne da ake jifan wani da shi cikin fushi, batsa kuwa ana iya yin ta cikin raha. Da hoto ya zo sai kalmar ta faɗaɗa ta ɗauke shi. "Bulu fim" da matasa ke cewa daga Najeriya ya shigo mana.

To ga yadda za ka gina jimlar. Ka fara da nau'in, sannan ka kawo waɗanda abin ya shafa: finafinan batsa na maza masu neman maza, ko finafinan batsa na luwaɗi. Na farkon ya fi dacewa da labarai, don bayani kawai yake yi. Kada ka sa "auren jinsi", kamar yadda nake yawan ji a rediyo, alhali babu aure a maganar. Kada kuma ka kira masu fitowa a ciki "jarumai". Jarumi yabo ne, daga jarumta. "Masu fitowa a fim ɗin" ya wadatar.

Wurin da masu fassara suka fi tuntuɓe shi ne rarrabe fim ɗin da ke ba da labarin irin waɗannan mutane da fim ɗin batsa. Na farko yana da labari da zance, wani ma ba tsiraici a cikinsa sam. Na biyu saduwar kawai ake son nunawa. Faransa ta raba su da doka tun ƙarshen 1975, lokacin da ta ware wa na batsa rukunin X tare da haraji mai nauyi. A Amurka sana'ar finafinan batsa na maza masu neman maza ta fito fili a gidajen sinima na New York da San Francisco a farkon shekarun 1970, ta koma kaset ɗin bidiyo a shekarun 1980, lokacin da cutar sida ta kashe da yawa daga cikin masu yin ta har kwaroron roba ya zama ƙa'ida a wurin ɗauka, daga baya intanet ta kwashe kasuwar. In rahotonka ya ambaci "tacewa", ka lura: a bakin ƴan fim tana nufin yanka da haɗa hotuna bayan ɗauka, tana kuma nufin binciken hukuma kafin a saki fim. Ka fayyace wacce kake nufi.

Wata malama daga Tawa ta tambayi ma'anar "magana zarar bunu ce". Bunu shi ne tsohuwar ciyawar jinka da ta sha rana da damina. Zarar sa abu ne mai sauƙi, amma in ka zare tsinke ɗaya daga rufin ɗaki ba ka iya mayar da shi gurbinsa, karyewa zai yi. Malama, shi ya sa ake kawo karin maganar a wurin sulhu bayan an jefi wani da kalma irin ta "ɗan luwaɗi". A fiƙihun Malikiyya jifan mutum da wannan ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala tamanin.