Kafin a Sayi Irin Shukar Tsauni, a Tambayi Asalinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambun furanni a Jos. Ƙanina da ke karatu a Suwizalan zai sayo mini irin edelweiss, farin furen nan na tsaunukan Alps. Ya ga kala biyu: mai tsada da aka ce daga can ƙololuwar dutse aka tsinto shi, da mai araha na masu renon furanni. Tunda garinmu akwai sanyi, ba na dutsen ne ya fi dacewa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ce ya sayo mai arahar, shi ma ƙunshi ɗaya don gwaji.

Suna ɗaya ba hali ɗaya ba ne. Shukar da kakanninta suka daɗe a wani tsayi na dutse, gadon da ke cikin ƙwayarta ya riga ya daidaita da wurin. A shekarun 1930 zuwa 1940 wasu masana uku a Kalifoniya ta Amurka, Clausen da Keck da Hiesey, sun gwada wannan. Sukan tsaga tushen shuka guda gida uku, su dasa ɗaya a Stanford, mita 30 daga matakin teku, ɗaya a Mather, mita 1,400, ɗaya a Timberline, sama da mita 3,000. 'Yan gajerun da aka sauko da su daga sama ba su zama dogaye ba duk da ni'imar ƙasa, na bakin teku kuwa da aka hau da su yawancinsu sanyi ya kashe, ko suka kasa yin iri.

To, edelweiss tana rayuwa ne tsakanin mita 1,800 zuwa 3,000, a ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya. Jos kuwa wajen mita 1,200 take. Sanyin hunturunmu ma daban: can ƙanƙara ke lulluɓe ta wata da watanni tana barci, ta farka a lokacin da yini ke kai awa 15 zuwa 16. Nan yini ba ya kai awa 13. Irin masu reno ya yi zuriya bayan zuriya a lambun ƙasa, ya fi haƙuri. Ƙari a kan haka, a sassa da dama na Alps doka ta hana tsinke na daji.

Idan ya iso, ki gauraya shi da yashi mai ɗan danshi, ki sa a firji makonni kaɗan. Ki yafa shi a saman tukunya mai tsakuwa, kada ki binne. Ruwan Agusta ne babban abokin gabarta, sai ki janye ta ƙarƙashin rumfa. Kada kuma a manta da takardar izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai da dabbobi Najeriya kafin a shigo da shi. Ni dai ba zan yi miki alkawarin fure ba.

Tambaya: Malam, ni manomin dankalin Turawa ne a Bokkos. Irin da na daɗe ina ajiyewa ya saba da gonata, ko kuwa in sayi sabo?

Amsa: A nan maganar ta juya, ɗan'uwa. Acca ko masarar gida ƙwaya ake shukawa, kowace shekara ana tankaɗe da rairaya, masu jure wurin su rage. Dankali kuwa ɗan da ka binne shi ne uwarsa sak, ba sabon gado da ya shigo. Abin da yake tarawa shekara bayan shekara cuta ce, shi ya sa ganye ke nannaɗewa, 'ya'ya na ƙanƙancewa. Ka sabunta daga majiya mai tsabta. Sashen binciken dankali da ke Kuru yana kusa da kai.

Kada dai ka cika gonar da kala ɗaya. A tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, mahaifar dankali, akwai kala sama da 4,000, kuma manomi kan cakuɗa da yawa a gona guda, in raɓar ƙanƙara ta ci wani, wani ya tsira. Kai ma ka raba kuɗinka gida biyu ko uku, ka tambayi mai sayarwa a wane tsayi aka noma irin, kuma karo na nawa ke nan ana maimaita shi.