Hukuncin girki da farar giyar inabi ga mai aiki a Italiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin girki a wani gidan abinci a Verona, ƙasar Italiya. A nan da wuya a dafa kifi ko shinkafarsu ta risotto ba a zuba farar giyar inabi irin su Soave ba. Shugaban madafarmu ya ce wuta tana ƙone barasar. Ya halatta in ci, ko in zuba da hannuna? Ruwan khal (vinegar) da ake yi da ita fa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ƙara maka tsoronSa, ɗan'uwa.

Farin giyar ba ya sauya hukuncinta. Matse inabin ake yi a raba ruwan da ɓawo tun kafin ya tsumu, shi ya sa ba ta yin ja. Sai yis ya mayar da zaƙin barasa, yawanci kashi 11 zuwa 13 cikin 100. Wannan ita ce giyar da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce a nisance ta. Kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Maganar wuta kuwa, ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Kai da ke bakin tukunya ka sani: ana kwarara giyar a kan soyayyar shinkafa, ta yi cuuu, tururi ya tashi, cikin kusan minti 18 an sauke. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa, kusan kashi 40 na barasar yana nan. Ko da ta ƙone ƙurmus, jumhurin malamai, har da Malikiyya, suna ɗaukar giya najasa ce, kuma da gangan aka zuba ta. Don haka kada ka ci.

Zubawa da hannu ma bai halatta ba, domin hadisin Anas a Tirmizi ya la'anci mutum 10 a kan giya, ciki har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Na san aiki a ƙasar wasu ba a wasa da shi, akwai iyali a gida suna jiran saƙo. Ka nemi a mayar da kai ɓangaren da ba a taɓa kwalba, ko ka kawo musu romo da ruwan lemun tsami a madadinta. Idan sun ƙi, ka dage da neman wani aikin, da ka samu ka tashi.

Khal kam halal ne, don barasar ta riga ta rikiɗe ta zama tsami. Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) yana yabon khal a matsayin mahaɗi. Shafi'iyya da Hanabila sun shardanta ya juya da kansa, amma Shehu Khalil, malamin Malikiyya, ya lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki, haka ma Hanafiyya. Ka saya ka yi amfani da shi, sai dai kada kai ka ajiye giya don ka mayar da ita khal.

Wallahu a'alam.