Tambayi Injiniya: wai wa ke gaya wa firij ɗin motar gida ya koma gas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ni ina zaune a Texas ne ta Amurka, na sayi tsohuwar motar nan mai ɗaki da kicin a ciki da ake fita yawon hutu da iyali, toh firij ɗin ne ya ɗaure min kai, in mun jona wuta a sansani lafiya lau yake aiki amma da na zare wayar sai in ji ƙas ƙas ƙas ta bayansa, wani lokaci ya ci gaba da sanyi, wani lokaci kuma fitilar gargaɗi ta kama mu wayi gari nama ya saki. Dan Allah ta yaya ma wutar gas ke kawo sanyi, kuma wa ke gaya masa ya canza? Daga mai karatunku a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Firij ɗinka ba irin na gida ba ne, ba shi da kwamfireso, shi ya sa ba ka jin gurnaninsa da dare. Bututun ƙarfe ne a bayansa an rufe ruf da ruwa da amoniya da iskar haidirojin a ciki, aikinsa duka a dafa wannan haɗin ne. In an dafa sai amoniyar ta rabu da ruwan ta yi sama a matsayin tururi, ta huce ta koma ruwa-ruwa, ta gangaro inda haidirojin yake a jikin firiza, a nan take sake tashi tana zuƙe zafin da ke cikin akwatin, daga nan ruwan ya sake shanye ta su koma tukunya, haka ake ta zagaye ba famfo ba injin. Wasu ɗalibai biyu ne a Stockholm ta Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka fito da dabarar a 1922, kamfanin Electrolux ya saye ta a 1925, kuma kamfanin Dometic da ake yawan ganin firij ɗinsa a motocin nan daga jikin Electrolux ɗin ya ɓalle. Duk wanda ya san firij mai kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin ƙauye kafin zuwan sola, ai shi ne, lagwani kawai aka cire aka sa gas.

Kenan shi firij ɗin bai damu da inda zafin ya fito ba. A jikin tukunyar akwai hita ta lantarki, a ƙasanta kuma akwai ɗan murhun gas mai harshen wuta da bai fi kan yatsa ba, abin da ke canzawa kawai shi ne wanne daga cikinsu aka kunna. Mai yanke hukuncin wani ɗan bod ne, wato allon lantarki, a bayan firij ɗin, kamar canjoban NEPA da janareta dai amma mai sarrafa kansa. In ka bar shi a AUTO kullum lantarki yake fifitawa, yana ganin wutar lantarki mai volt 120 ta shigo zai rufe gas ya ba hita, tana ɗaukewa sai ya buɗe bawul ɗin gas ya fara sakin tartsatsi, wannan ƙas ƙas ɗin da kake ji ke nan, sannan akwai wani siririn ƙarfe a bakin murhun da ke shaida masa wuta ta kama. In bai samu shaidar ba zai rufe gas ɗin don kar ya taru, a Dometic da yawa wajen daƙiƙa 45 yake bayarwa sai fitilar CHECK ta kama, a wasu na kamfanin Norcold kuma no FL, wato babu harshen wuta, za ka gani a rubuce, kuma yawanci sai ka kashe ka sake kunnawa kafin ya ƙara gwadawa.

Abin da mutane ke mantawa, kuma a nan nake zargin matsalarka take, shi bod ɗin da bawul ɗin da mai tartsatsin duk da batirin ɗakin motar mai volt 12 suke rayuwa, ko da tukunyar gas ɗinka cike take maƙil in batirin ɗakin ya yi sanyi toh babu mai buɗe ƙofa. Lokacin da kake jone a sansani caja na rufa wa batirin asiri, kana zarewa gaskiyarsa ta fito, don haka fara auna shi, in yana faɗowa ƙasa da volt 12 sosai da dare ka samu ɓarawonka. In batirin lafiya yake sai ka duba iska a cikin layi, musamman bayan an canza silinda, kunna murhun girki na kicin ya ci na ɗan lokaci sannan ka gwada firij ɗin. Sai na uku, buɗe 'yar ƙofar waje ka leƙa murhun, gizo-gizo da zanzaro suna son yin gida a wurin, tsatsa ma na zubowa daga bututun hayaƙi ta toshe shi, harshen wutar shuɗi ya kamata ya zama tsaf, in ka ga rawaya yana rawa a share.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya fi duk waɗannan tsada, faka motar a daidai. Tunda nauyin ruwan ne ke gangaro da shi, in motar ta karkace sosai kana barin firij a kunne awanni ruwan ba ya komawa tukunya, tana ƙonewa, ƙa'idar da aka saba bayarwa kar karkatar shi firij ɗin ta wuce digiri 3 ta gefensa da 6 ta gabansa da bayansa. In ka taɓa jin warin amoniya ko ka ga wani gari rawaya a bayansa kashe shi nan take, ya ɓule, gobara ake gudu. Kuma kashe gas kafin ka shiga gidan mai, na Turai masu hanya uku har da volt 12 ma an tsara su su jira minti 15 bayan an kashe injin kafin su kunna gas saboda wannan dalilin.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki, na ga irin wannan firij mai gas cikin kayan Beljiyam, zai yi min a shagon lemo? Daga wani mai shago a Kano.

AMSA: Gaskiya Alhaji ban ba ka shawara ba. In na Amurka ne hitarsa ta 120 ce, kana soka ta a wutarmu ta 230 ta tashi aiki, na Turai dai wutar ta yi daidai amma sauran matsalar na nan, yana ɗaukar dare guda kafin ya yi sanyi, ba ya son a yi ta buɗe shi, kuma zafin Afrilu a Kano da ke haura 40 yana karya masa ƙarfi sosai. Ga shi a mota hayaƙinsa waje yake fita ta bayan bango, a rufaffen shago kuwa kai za ka shaƙa. Kuɗin ka haɗa ka sayi firiza mai kwamfireso da ke aiki da sola, za ta fi ba ka ƙanƙara.