Ɗumama Akwatin Maciji: Me Za a Fara Saya?

Tambaya daga Jos: Ina kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo, a akwatin gilashi mai tsawon santimita 90. Tunda hunturu ya shigo ta ƙi cin abinci. Mai shago ya nuna mini tabarmar lantarki, da ƙwan lantarki na tangaran, da dutse mai zafi na lantarki. Wanne zan ɗauka?

Malam, dutsen nan bar wa mai shago kayansa. Zafinsa yana taruwa ne a wuri guda, maciji kuma ba ya saurin janye jiki daga abin da ke gasa shi sannu a hankali. Sai dai ka wayi gari ka ga fatar cikinsa ta yi ja ta ɗuri ruwa.

Abin da za ka fara saya ma ba ya cikin ukun: tamostat, na'urar da ke katse wuta idan zafi ya kai inda aka saita. Tabarmar da aka jona kai tsaye a soket tana iya haura digiri 45 a ma'aunin Celsius, alhali mesarka digiri 31 zuwa 33 take so a gefe ɗaya, 24 zuwa 27 a ɗaya gefen, don ta riƙa kai da komo tana zaɓar abin da ya yi mata. Saboda haka kada tabarmar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwatin. Manna ta daga waje, ka sa wayar awon tamostat ɗin tsakaninta da gilashi, ka ɗaga akwatin kaɗan da ƙafafun roba don iska ta ratsa.

Sai dai tabarma ƙasa kawai take ɗumamawa, iskar ciki tana nan da sanyinta, kuma daren Jos a Disamba da Janairu ba wasa. Nan ƙwan tangaran yake da amfani, tunda zafi yake bayarwa ba haske, ana iya barinsa ya kwana a kunne. Mai wat 60 zuwa 100 ya ishi akwati irin naka. Mazauninsa ya zama na tangaran, don na roba narkewa yake, a kuma kewaye shi da ragar ƙarfe, shi ma da nasa tamostat. Aibinsa busar da iska, ga hunturu dama a bushe yake. Sa faffaɗan kwanon ruwa, ka riƙe danshin iska wajen kashi 60 cikin 100, in ba haka ba saɓa za ta maƙale mata, musamman a ido da wutsiya.

Batun abinci kuwa, wannan mesa ta yankinmu ce, daga Ghana, Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka, kuma takan yi yajin ci na makonni a lokacin sanyi ko da komai ya daidaita. Gyara zafin tukuna, ka riƙa auna nauyinta. Idan tana ramewa, sai likitan dabbobi.

Tambaya daga Kano: Idan aka ɗauke wuta cikin dare fa? Zan iya kai kaskon garwashi ɗakin?

A'a, Hajiya. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum, balle maciji. Zuba ruwan zafi a gora, ki naɗe ta da tawul, ki jingina ta da akwatin daga waje, ki lulluɓe shi da bargo amma ki bar kafar iska. Kada ki ba macijin ɓera sai wuta ta tsaya, don abinci ba ya narkewa a cikin maciji mai sanyi, amayar da shi zai yi. Tabarma mai wat 15 zuwa 20 ba ta da cin wuta, ƙaramin inbata ma zai riƙe ta har safe. Daga Maris zuwa Mayu kuma kashe duk kayan ɗumamawa za ki yi, ki janye akwatin daga taga, domin zafin da ya haura digiri 35 ya fi sanyi saurin halaka maciji.

Tambaya daga Zariya: Ɗan'uwana zai aiko mini da kayan daga Amurka. Akwai matsala?

Duba rubutun jikinsu kafin ya biya kuɗi. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kana jonawa za su ƙone. Na Ingila sun dace da wutarmu, har filoginsu mai ƙafa uku.