Tambayi Likita: lemun tsami, inda yake da amfani da inda yake cutarwa

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon sun fi karkata kan lemun tsami, don haka na ware biyar daga ciki.

"Likita, ina da cikin wata shida, a wajen awo an ce jinina ya yi ƙasa. Uwar mijina ta hana ni lemun tsami, ta ce shanye jini yake yi. Gaskiya ne?" Wata mai juna biyu, Ƙofar Marusa.

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaida Hajiya, kulawa ce ta sa ta hana ki, amma lemun tsami ba ya shanye jini, taimakonsa ma yake yi. Jiki na haɗa jini ne da sinadarin ayon. Wanda ke cikin nama da kifi hanji na tsotse shi cikin sauƙi, amma na cikin wake da zogale da alayyahu kaɗan ne ke shiga jiki, sauran ya wuce. Bitamin C da ke cikin lemun shi ke ƙara wa hanji ƙarfin ɗaukarsa, muddin a ci ɗaya suka haɗu. Saboda haka in kin yi kwaɗon zogale, ko kin zuba shinkafa da wake a kwano, ki matsa rabin lemu a kai. Kada ki sa a tukunya tana kan wuta, zafi na lalata bitamin ɗin.

Abin da ya kamata a hana ki shi ne shayi a kan abinci, da cin farar ƙasa in kina yi, don su ne ke tare ayon. Ki bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da shayi. Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki kuwa kada ki tsallake ko ɗaya. In kin ga bahaya ta yi baƙi, aikinsu ne. Wannan batu yana damuna ƙwarai, domin macen da ta shiga naƙuda jininta a ƙasa, zubar jini kaɗan na iya jefa ta cikin haɗari.

"Ni direba ne a hanyar Daura zuwa Kano. An yi mini hoto an ga tsakuwa a ƙoda. Abokan aiki a tasha sun ce lemun tsami zai narkar da ita." Wani direba, Daura.

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Akwai gaskiya a maganarsu, amma rabi ce. Yawancin tsakuwar ƙoda daga sinadarin kalsiyam take haɗuwa, shi kuma lemun tsami yana da sitiret, wanda ke riƙe kalsiyam a cikin fitsari ya hana shi dunƙulewa. Wato yana taimakawa wajen hana sabuwa fitowa. Wadda ta riga ta yi girma kuwa ba zai narkar da ita ba. Ƙarama takan fita da kanta, babba sai an fasa ko an ciro.

Babbar matsalarku direbobi ita ce ƙishirwa. Ana wuni cikin zafin bazara, gumi na zuba, ana ƙin shan ruwa don gudun tsayawa a hanya. Ka ajiye gora a gefenka, ka sha lita 2 da rabi zuwa 3 a rana, ka matsa lemu ɗaya ko biyu a ciki ba tare da sukari ba. Fitsarinka ne ma'auni: in ya yi ja-ja kamar ruwan shayi, ruwan bai isa ba. Ka rage gishiri da magi. In ciwon kwiɓi ya zo da zazzaɓi ko amai, ko fitsari ya tsaya, ajiye motar ka nufi asibiti a ranar.

Tun da za ka riƙa sha kullum, ka kula da haƙoranka. Tsamin yana cin farin rufin haƙori, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Ka kurkure baki da ruwa bayan ka sha, aswaki ko buroshi kuma sai bayan rabin awa.

"Ina shafa lemun tsami a fuska saboda ƙuraje. Yanzu baƙaƙen tabo sun fito mini a kumatu." Wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura.

'Yata, ki daina daga yau. Ɓawon lemu da ruwansa suna da wasu sinadarai da in suka taɓa fata sannan rana ta buga wurin, sai ya ƙone. Da farko ja da raɗaɗi, wani lokaci har da bororo, daga baya ya bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni kafin ya baje. Akan ga shatin yatsu sarai a kumatu, daidai inda aka goga. Ranar Katsina kuma kin san ta. Ki wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ki kare ta daga rana, kada ki bi tabon da man bilicin, ƙara ɓata shi zai yi. Ki ga likitan fata. Haka nan kada a ɗiga shi a ido don apolo, kada mace ta yi tsarki ko matsi da shi. Fatar wuraren nan ba ta jure tsami, kuma in ta sale ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa.

"Ɗana mai wata 8 yana tari tun shigowar hunturu. Zan iya ba shi zuma da lemun tsami?" Wata uwa, Batagarawa.

A'a, Malama. Ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, domin takan ɗauki ƙwayar cutar da ke sakin jikin jariri har numfashinsa ya gaza. Nono ya fi masa. Ga babba da yaron da ya haura shekara, ruwan ɗumi da zuma da lemu da ɗan citta na sanyaya maƙogwaro, amma ba su kashe mura. Ki buɗe rigarsa yana kwance ki duba: in numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, maza asibiti. In da zazzaɓi a yi gwajin maleriya.

"Ina da olsa, kuma ina shan lemun tsami da sassafe don rage tumbi." Wani ɗan kasuwa, Babbar Kasuwar Katsina.

Alhaji, lemun tsami ba ya narkar da kitse, kuma in ka sha shi ciki ba komai zai iya tayar maka da ƙwannafi da zafin ƙirji. Tumbi yin tattaki da rage lemun kwalba da tuwon dare ke sauke shi. In bitamin C kake nema, giram 100 na ƙananan koren nan namu na da kusan miligiram 29, manyan masu ruwan ɗorawa kusan 53, goba kuwa ta haura 200, alhali namiji baligi 90 yake buƙata a rana. Ka ci goba. Olsar kuma ka je a yi maka gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da ke yawan haddasa olsa, in an same ta akwai haɗin magani na kwana 10 zuwa 14 da ke kawar da ita.