Kiɗan Birazil, Hausawa ne suka kai shi?

Tambaya: Malam, ni makaɗin kalangu ne a Daura, gadon gidanmu ne. Yarona ya nuna mini bidiyon wasu baƙar fata a Birazil suna kiɗa, sai na ji kamar ina gidan biki ana kiɗan ƙwarya. Ko kakanninmu ne suka kai musu?

Amsa: Ranka ya daɗe, kunnenka bai yaudare ka ba, kiɗan Afirka ka ji. Sai dai rabon Hausawa a cikinsa kaɗan ne, duk da na so a ce namu ne.

Bayi fiye da miliyan 4 aka kwashe daga Afirka zuwa Birazil, kuma ba a haramta bauta a can ba sai 1888. Mafi yawansu daga Angola da Kwango suka fito, kuma daga kiɗansu samba, shahararren kiɗa da rawar Birazil, ta samo asali. Haka ma berimbau, wani baka mai tsirkiya ɗaya da ƙoƙo a gindi, wanda ake kaɗa wa 'yan wasan capoeira, wani wasan faɗa mai haɗe da rawa, kamar yadda kuke zuga 'yan dambe.

Kiɗan da ya fi kama hankalina shi ne na Bahiya, wata jiha a Birazil. A can Yarabawa suka riƙe addininsu na gargajiya, ana kiransa Candomblé. Ganguna uku ake jerawa, babba da matsakaici da ƙarami, kowane abin bauta da kiɗansa, sai an kaɗa masa nasa yake hawa kan mutum. Duk wanda ya taɓa leƙa wasan bori a nan Katsina ya ji mai garaya yana sauya take don wani iska, ya san zancen. Akwai kuma ƙarfen da ake bugawa, kamar kuge, sunansa agogô. Kalmar Yarabanci ce, ita ce muka ara muke kiran abin duba lokaci da ita.

To, ina Hausawa? Sun je. Sun yi yunƙurin tawaye a Bahiya a 1807, kuma wasunsu na cikin boren Musulmi na Janairun 1835 a Salvador, babban birnin Bahiya, cikin watan azumi, ko da yake Yarabawa ne suka fi yawa a ciki. Bayan an murƙushe boren aka kashe wasu, aka yi wa wasu bulala, aka koro wasu Afirka. A ganina abin da ya cinye kiɗanmu ke nan: ba su da yawa, akasarinsu maza ne, kuma ganga ba ta cikin ibadarsu, balle ta samu ɗakin da za ta ɓuya kamar ta Yarabawa.

Sunansu dai yana nan, don Malê ake kiran Musulmin Afirka da aka kai can. A 1979 aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Malê Debalê a Salvador don tunawa da su. Ka ce yaron ya nemo maka bidiyonsu.